Lasifika Mai Naɗin Katantanwa: Jawabi Ga 'Yan Ƙungiya

 

An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan lasifika. Mun san wani zai ce, to me ya haɗa ɗan kasuwa da aikin injiniya? Abin da ya haɗa mu shi ne, mu ne ke yin karo-karo duk sa'ad da ta masallaci ta ƙone, mu ne ke aika a sayo daga Kaduna ko Jos, mu ne kuma ake zuwa a samu a rumfa da ƙorafi idan maƙwabci ya kwana bai runtsa ba. Wanda ke biyan kuɗin abu, yana kuma ɗaukar zafinsa, ai ya kamata ya san yadda abin yake aiki. Saboda haka muka nemi a bar mu mu bayyana wata irin lasifika da kafintanmu na unguwa zai iya haɗawa da hannunsa, mu kuma faɗi dalilin da ya sa muke son a yi ta.

Bari mu fara da ƙaho, domin shi ne tushen maganar. Babu wanda ke wurin nan da bai taɓa jin kakaki a fada ran salla ba. Mai busa mutum ɗaya ne, leɓensa bai fi na kowa ba, amma ana jinsa daga nesa. Haka kuma wanda ya taɓa zuwa Kagoro ran 1 ga Janairu, ranar bikinsu na Afan, ya ji yadda ƙahonin maƙwabtanmu ke cika wuri. Ƙaho ba ya ƙara wa mai busa ƙarfi ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ya haɗa ƙaramin abu mai motsi da iska mai yawa. Iska ba ta da nauyi, in ka tura ta da ɗan ƙaramin faifai sai ta zille ta gefe, kamar wanda ke son tura ruwan tafki da ɗan yatsa. Amma in ka tsare ta a cikin ƙunci, ka bar hanyar ta riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har zuwa baki, to ba ta da wurin zillewa, dole ta ɗauki motsin ta kai shi waje. Shi ya sa sifika mai takarda, irin ta cikin rediyo, da ƙyar take mayar da kashi ɗaya cikin ɗari na wutar da ta ci ya zama sauti, saura duk zafi ne, alhali mai ƙaho tana iya kai kashi goma ko ashirin, wani lokaci ma fiye.

Sai dai ƙaho yana da sharaɗi, wato tsawo. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Murya mai kauri, wadda ke kaɗa iska sau 100 a daƙiƙa, kowace kaɗawa tata tana da tsawon mita uku da rabi ba kaɗan. Siririyar murya mai kaɗawa sau 1,000 kuwa, tata ba ta wuce santimita 34 ba. To gajeren ƙaho siririyar kaɗai yake iya ɗauka, mai kaurin sai ta faɗi a hanya. In kana son kauri sai ka tsawaita, in ka tsawaita kuma ba ka da inda za ka ajiye shi. Wa zai rataya kakaki a cikin aji? Dabarar da aka samo ita ce a naɗe shi. Kuma ba ɗan Adam ne ya fara ba. Ku dubi ƙahon rago, ku dubi katantanwa. Likitoci ma sun ce a can cikin kunnen kowannenmu akwai wani ɗan abu mai naɗin katantanwa, zagaye biyu da rabi, da shi muke rarrabe sauti. Ikon Allah ke nan.

Turawa sun daɗe da gane wannan. A 1925 aka fitar da garmaho a Amurka wanda aka lanƙwashe dogon ƙahonsa a cikin akwati. Da aka fara fim mai magana wajen 1927, ba a da amfilifaya mai ƙarfi, 'yan wat kaɗan take bayarwa, sai kamfanin Western Electric ya riƙa ƙera manyan ƙahoni masu lanƙwasa ana ɓoye su a bayan majigi, da su ake cika gidan silima. A 1946 wani Ba'amurke, Paul Klipsch, ya fara sayar da tasa wadda ake turawa a kusurwar ɗaki, bangon ɗakin ya zama cikon bakin ƙahon. Ita kanta wadda muke ɗorawa a kan masallatanmu, ko ta Ahuja ta Indiya ko ta TOA ta Japan, in kuka leƙa cikinta za ku ga wani abu kamar kofi a kife a tsakiya. Hanyar sauti ce aka ninka: ya fita gaba, ya dawo baya, ya sake fita. Tsawon da ke ciki ya ninka wanda ido ke gani.

Yanzu ga inda matsalarmu take. Waccan ta saman masallaci an yi ta ne don waje, don ta jefa murya nesa. Ba ta ɗaukar kauri sosai, abin da ya gaza kaɗawa 200 ko 300 a daƙiƙa zubar da shi take yi, alhali gindin muryar namiji yana tsakanin 85 da 180. Shi ya sa liman mai cikakkiyar murya, in ya shiga cikinta, sai ka ji shi kamar ta wayar tarho. Abin da ta bari kuma shi ne daidai inda kunne ya fi jin zafi. Mu kuwa me muke yi? Da ita muke komai. Da ita ake kiran salla, da ita ake salla, da ita ake tafsiri, da ita ake karatun yara, da ita ake cigiyar akuya. Wani wurin ma a ɗauko ta a rataya a cikin masallaci, tana kallon sahun gaba, tsofaffi na kusa kunnensu na ƙara, na baya kuma amsa-kuwwa ta cakuɗa musu magana. Da an ce ba a ji sosai, sai a ƙara murɗa amfilifaya. Ana haka sai kwil ya ƙone, a dawo kan karo-karo.

Ku bari mu yi ɗan lissafi irin na kasuwa. Ana auna ƙarar sauti da desibel. Hirar mutum biyu kusan 60 ce. Masana lafiya sun ce wanda ke wuni cikin abin da ya haura 85, kunnensa zai riƙa lalacewa a hankali. Ƙahon waje, in aka ba shi wat ɗaya tak, yana ba da wajen 105 ga wanda ke tsaye mita ɗaya a gabansa. In aka ba shi wat 30, sai ya kai wajen 120. Kowane ninkin nisa yana rage 6. Wato a mita 2 saura 114, a mita 4 saura 108, a haka a haka har mita 32, inda za a sami 90. To wane ne ke mita 32 daga masallacinmu? Ɗakin kwanan wani ne. Mai yiwuwa mai jego ce, mai yiwuwa maras lafiya ne, mai yiwuwa direba ne da ya kwana a hanya. In kuwa aka sauko daga wat 30 zuwa wat 3, desibel 10 kacal aka rasa, kuma wanda ke mita 250 zai ji kira da ƙarfin hirar da ake yi kusa da shi, musamman da asuba da gari ya yi tsit. Kun ga ke nan yawancin wutar da muke ƙonawa a kan na kusa take sauka, na nesa bai ƙaru da wani abin kirki ba.

Jama'a, mun san garin da muke zaune. Jirgin ƙasa ne ya tara mutane a nan tun da layin dogo ya haɗu a 1927, fadar Jama'a ta dawo nan a 1933. Bango ɗaya muke da Fantsuwam, da Kaninkon, da Bajju, da mutanen Kagoro da na Jaba, da Ibo da Yarbawa. Coci na kallon masallaci. Mun ga watan Maris na 1987, da abin ya tashi daga Kwalejin Ilimi ya kai har Kaduna da Zariya da Funtuwa. Mun ga Zangon Kataf a 1992, mun ga 1999, mun ga Afrilun 2011 da kasuwa ta ƙone, wasu da ke zaune a nan daga toka suka sake ɗaga jari. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba mu ce lasifika ce ta jawo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma mutumin da ka hana barci shekara da shekaru, ran da wani ɗan tsautsayi ya gitta, ba za ka same shi da sanyin zuciya ba. A ƙasar Indonesiya, a garin Tanjung Balai, a 2016, ƙorafin mace ɗaya a kan ƙarar lasifika ya zama sanadin ƙone wuraren ibada, ita kuma daga baya aka ɗaure ta. Za a ce ai su ma na coci suna kwana suna kiɗa. Gaskiya ne, muna ji, yana kuma damunmu. To amma da wane baki dattawanmu za su je su yi wa fasto magana, in tamu lasifikar ta fi tasu?

Kuma in ba mu gyara da kanmu ba, hukuma za ta gyara mana, ita kuwa ba ta da taushin hannu. A 2016 gwamnatin Legas ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda ƙara. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ma ta kai wa majalisar Jihar Kaduna ƙudurin dokar wa'azi, a ciki har da taƙaita lasifika da dare, aka yi ta ce-ce-ku-ce, Musulmi da Kirista kowa na kuka. Ƙasar Saudiyya ma a 2021 ma'aikatar harkokin addini ta ba da umurni cewa lasifikar waje ta tsaya ga kiran salla da iƙama, kuma kada a wuce sulusin ƙarfinta. Su da Makka da Madina ke hannunsu ke nan. Mu da muka zauna gaban malamai a Islamiyya mun ji yadda aka fara kiran salla a Madina: an kawo shawarar ƙaho, an kawo ta ƙararrawa, aka bar su duka aka ɗauki muryar mutum, Sayyadina Bilal ya riƙa hawa kan gida mai tsawo. Lasifika baƙuwa ce, masallacin da aka fi ambata cewa ya fara sa ta shi ne Masallacin Sultan na Singafo a 1936. Kayan aiki ce kamar fanka da agogo, muna da damar mu tsara yadda za ta yi mana aiki. Hakkin maƙwabci kuwa, malamanmu da ke zaune a nan sun fi mu sanin cewa ba a ce sai Musulmi ba.

Abin da muke kawowa shi ne a raba aiki biyu. Ta waje ta tsaya ga kira. A cikin masallaci, da aji, da zaure, da shago, a sa wata mai cikakkiyar murya wadda ake jin daɗinta ba tare da an murɗa ba. Masu kyau na kanti suna da tsada, kowa ya san yadda dala ta mayar da kaya. To a nan ne mai naɗin katantanwa ta shigo. Masu sha'awar sauti a Turai da Amurka suna yin ta a gida da kwali mai soso a tsakiya, su rataya a bango kamar kalanda. Suna danganta irin naɗin da wani masanin Faransa, Cornu, kuma irin wannan lanƙwasa ce injiniyoyin reluwe ke amfani da ita don jirgi ya shiga kwana a hankali ba da fizga ba. Mu 'ya'yan garin reluwe bai kamata ta ba mu tsoro ba.

Ga yadda take. Alluna biyu ne na filawud, kowane santimita 60 tsawo 60 faɗi, ɗaya gaba ɗaya baya. Falle guda mai ƙafa 4 da ƙafa 8 yana fitar da irinsu takwas, wato gaba da bayan lasifika huɗu. A tsakaninsu akwai bango siriri mai faɗin santimita 10, an naɗe shi kamar igiyar leƙo, sai dai ita igiyar leƙo tazararta ɗaya ce ko'ina, wannan kuwa tana buɗewa tana tafiya. A allon gaba ake ɗaura 'yar sifika mai inci huɗu, ko da ta tsohuwar rediyo ce ko ta ƙofar mota, in dai takardarta ba ta yage ba kuma ba ta gurzawa in an ɗan danna ta. Fuskarta na kallon jama'a, daga nan magana ke fita tar. Bayanta kuma yana hura cikin naɗin, sautin ya zagaya ya fito ta baki da kauri. Wannan kaurin da ma asararsa ake yi a cikin akwati, mu kuma muka ba shi hanya.

Awo shi ne ran aikin, saboda haka masu biro su rubuta. A nemi takardar buhun siminti a shimfiɗa a kan allo. A zana da'ira mai faɗin santimita 12, kada a sa ta a tsakiya cif, a ɗan matsa da ita gefe, domin zagayen ƙarshe yana cin wuri. Wannan da'irar ita ce ɗakin da bayan sifika zai zauna. Daga jikinta hanya ke farawa, da faɗin santimita 3, nan ne maƙogwaro. Tsawon hanyar duka santimita 120 ne, ana aunawa ta tsakiyarta da igiya, ba ta jikin bango ba. Ƙa'idar ita ce faɗi ya ninka a kowane santimita 40: a farko 3, a 40 ya zama 6, a 80 ya zama 12, a 120 ya zama 24, nan ne baki. Don kada a sami tsalle, a yi wa igiyar alama a kowane santimita 10, a kowace alama a ƙara kashi ɗaya cikin biyar na faɗin da ya gabata. Duk wanda ya iya lissafin riba ya iya wannan. Za a ga naɗin ya yi kamar zagaye ɗaya da rabi. Me ya sa 120? Domin irin wannan hanya tana taimaka wa sautin da tsawonsa ya ninka nata sau huɗu. Santimita 120 sau huɗu kusan mita biyar ke nan, wato kaɗawa wajen 70 a daƙiƙa, ƙasa da muryar kowane ladani. In aka gajarta ta rabi, kaurin ya tafi. In kuma kafinta ya ga dama ya buɗe ta da sauri don aiki ya yi sauƙi, ya yi mana mazurari ne, ba ƙaho ba.

Bangon naɗi zai ci wajen mita biyu, a yanka da rara. Silin mai laushi ya fi sauƙin lanƙwasa, ko filawud mafi siranta. Inda kwana ta matse, can ciki, a yi masa tsaga-tsaga da zarto, rabin kauri, tazarar ɗan yatsa, sai ya bi hannu ba tare da ya karye ba. Wanda ba shi da ko ɗaya ya haɗa kwalin katan biyu da gam, yana yi, sai dai ba ya daɗewa. Wasu za su ce a yi da kwano tun da maƙera na da shi. Ba mu so, domin kwano yana da nasa kuka, zai riƙa amsawa yana ɓata murya. Faɗin nan na santimita 10 kuwa dole ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe, in wani wuri ya fi wani tudu, allon gaba ba zai kwanta ba. A kwafe zanen a allon baya, a kafa 'yan guntayen katako a bin layi, a shafa farin gam na kafinta, a tsayar da bango a jingine da su. In ya bushe, a kwaɓa gam da garin katako a bi gindin bangon ciki da waje a toshe.

A nan ne aikin yawancin mutane ke lalacewa, don haka za mu nanata. Huda tsakanin zagaye da zagaye tana iya sa sauti ya yanke hanya, wahalar ta tashi a banza. Kafin a rufe, a kai shi ɗaki mai duhu a haska tocila ta ciki a duba ko haske na ɓullowa. A huda ramin sifika a allon gaba tun kafin a manna, a tabbata ya faɗa daidai kan da'irar nan. A fitar da waya ta ƙaramin rami a baya a toshe shi da gam. A ɗan sa auduga ko guntun soson katifa a ɗakin bayan sifika, sako-sako, don ta shanye siririn sauti kada ya bi hanya ya fito yana gardama da na gaba, amma kada ta toshe maƙogwaro. Sannan a shafa gam a kan bango, a kifa allon gaba, a ɗora bulo biyu ko uku, a bar shi ya kwana. Kada a buɗe da yamma don ɗoki.

Akwai abin da littafin Bature ba zai faɗa muku ba. Bakin nan sai an rufe shi da ragar sauro, in ba haka ba zanzaro zai yi gini a ciki, ƙadangare da kyankyaso su tare, ɓera ya ci takarda. Ruwan Kafanchan kuma kun san shi, damina ta fi wata shida, katako na shan danshi ya kumbura. A yi mata fenti ko banish ciki da waje, a rataya ta a bango nesa da taga, kada ta taɓa ƙasa saboda gara. Jingina ta da bango ma yana ƙara mata kauri, kusurwa ta fi. Kada kowa ya ɗora ta a kan rufi, ba a yi ta don haka ba. A wajen jefa murya nesa da jure ruwa, ƙahon alminiyon na kanti ya fi ta, ba ma gardama.

Sai maganar waya, matasa ku kasa kunne. Kowace sifika an rubuta om nata a bayan maganaɗisu, yawanci 8, ta mota kuma 4. In ka haɗa 8 guda biyu kai da kai, ja da ja baƙi da baƙi, sun koma 4, yawancin amfilifaya na ɗauka. In ka haɗa huɗu haka, sun koma 2, amfilifaya za ta yi zafi ta mutu. Dabara ita ce a jera biyu-biyu, wutsiyar wannan a kan waccan, kowane jeri ya zama 16, sannan a haɗa jerin biyu kai da kai su dawo 8. Don a gane ja da baƙi in alama ta goge, a taɓa wayoyin da batirin tocila guda ɗaya: in takarda ta turo waje, wayar da ke kan batirin ita ce ja. Dukansu su turo tare, in ɗaya na turawa ɗaya na ja, suna cinye kaurin juna. A bayan amfilifayar masallaci kuma akwai wurin da aka rubuta 70V ko 100V. Wannan na sifika mai taransifoma ne, in aka ɗaura tamu a nan kai tsaye, ko ita ko amfilifayar ɗaya zai tafi. A ɗaura a inda aka rubuta 4 ko 8.

'Yar sifika mai inci huɗu ba ta son abin da ya wuce wat 10 ko 15, kuma ba ta bukatarsa. Aji ɗaya wat biyu ko uku ya ishe shi. Masallaci mai sahu goma gara a sa huɗu a rarrabe, biyu kusa da gaba biyu a tsakiya, kowace na magana a hankali, da a sa ɗaya tana ihu. Kada makirfo ya kalli ko ɗaya daga cikinsu, shi ke kawo kukan nan mai tsinka kunne. Ga kuma sauƙin wuta: ƙananan amfilifaya masu cin bolt 12 sun cika kasuwa, batirin babur mai cikakken caji zai riƙe irinsu awa goma da ɗoriya, ƙaramin faifan sola ya mayar masa da abin da ya ci. Ba sai an tayar da janareta don karatun magariba ba, ita ma janaretar ai ƙara ce.

Mun ce matasa su zauna har ƙarshe domin akwai sana'a a nan. Mai shayi na son rediyonsa ta yi daɗi, mai aski haka, mai shagon kaya haka, makarantun boko masu zaman kansu haka. Coci-coci ƙanana da ke Zonkwa da Kwoi da Gidan Waya su ma irin matsalarmu gare su, kuma kuɗinsu kuɗi ne. Mu da muke saye da sayar da citta da su shekara da shekaru mun san cewa wanda ciniki ya haɗa ku yakan yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga maka murya. Yaron da ya iya awo, ya iya dalma, ya iya bambanta om 4 da om 8, gobe shi ne zai naɗa kwil ɗin da ya ƙone maimakon a jefar.

Abin da muke roƙon shugabanni su sa a gaba ba shi da yawa. A sayi falle ɗaya na filawud da silin da gam daga asusun ƙungiya, a ba kafinta ɗaya da yara huɗu, su fitar da guda huɗu. A fara gwadawa a makarantar Islamiyya wata guda, malamai su faɗi abin da suka ji. In ta yi, a kai masallaci. A wayar ƙahon waje kuma a sa makunni ɗaya kusa da inda ladani ke tsayawa, ya kunna in zai yi kira, ya kashe in ya gama, ranar Juma'a da idi da sahu ke fita waje a bar shi a kunne. A hau sama a duba inda kowane ƙaho ke kallo, wanda ya saiti tagar wani a ɗaga shi ko a juya shi wajen gidajenmu. A yi wa maɓallin ƙara alama da fenti a inda aka yarda, don kada kowane yaro ya zo ya murɗa. Takardar awon tana wurin sakatare, mai so ya kwafa bayan an tashi.